Alkyabbar da Na Ɗinka Don in Yaga

Ni tela ne, kuma ba na jin nauyin cewa na iya. Shekara talatin da ɗoriya ina kan keke. Duk rigar da ta fita daga hannuna, ko a filin Idi na hango ta sai na gane ta, saboda kalmasar bakinta. Ina da zafi a kan aiki, wannan kowa a layinmu na kasuwar Batsari ya sani. Mutum ya kawo yadi ya ce in taka masa ko yaya ne yana sauri, sai in miƙa masa kayansa in nuna masa shagon gaba. Zare ɗaya ya leƙo daga ɗinki, ranar ko tuwo ba ya mini daɗi. To, wannan halin nawa ne ya kusa ja mini asarar da ba a mayarwa, a kan kayan wasan katun.

Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Da a ƙauye muke, a ƙasar Ruma. Shekara bakwai ke nan da muka taso muka dawo cikin Batsari, bayan ranar da mutanen daji suka shigo garin namu da rana tsaka. Ba na gida ran nan, ina kasuwa da kekena. Iyalina duka sun tsira, alhamdu lillahi, amma a warwatse suka iso. Uwata ce ta ƙarshe. Tana da shekara goma sha biyu a lokacin, ta iso goye da ƙanenta da mayafin uwarta, mayafin ya tsage ta baya. Washegari da safe na zauna na ɗinke shi, irin ɗinkin da sai ka ɗaga a rana za ka gane wurin. Na miƙa wa uwar, na ce abin da ya wuce ya wuce, kada in ƙara jin zancen nan a gidan nan. Aka bi maganata, ba a ƙara ba.

Tun daga nan yarinyar ta zama mai shiru. Ladabi kam ba a magana, gaisuwa har ƙasa, aike ba musu. Amma ba ta ƙara cewa Baba ina son kaza ba. Ko ɗinkin salla, in na tambaye ta wane iri, sai ta ce duk wanda na ga ya yi. Ɗiyar tela guda, a ce ba ta da ra'ayin wuyan riga. Abin yana ci mini rai, sai in ce wa kaina natsuwa ce. Har ta gama sakandare ta tafi Katsina karatun aikin lafiya, haka muke.

A hutunta na biyu, wata rana bayan azahar, sai ga ta a ƙofar shago. Ba ta saba zuwa ba. Ta gaishe ni, ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, tana ta juya wayarta a hannu. Can ta miƙo mini.

"Baba, za ka iya ɗinka mini wannan?"

Na sa tabarau. Zanen wata yarinya ne, idanu dara-dara sun cinye rabin fuska, hanci ɗan ɗigo, tana riƙe da sanda mai 'yar fitila a rataye. Jikinta wata irin alkyabba ce mai hula, launin toka. Bakin ƙasan duk a yayyage, gefe guda a ƙone, ga jan maho a kafaɗa an ɗinka da zare mai kauri kamar ɗinkin buhu.

"Wace ce wannan?"

"Katun ce, Baba. Ba mutum ba ce."

Ta yi mini bayani. A makarantarsu akwai masu son kallon waɗannan zane-zane masu motsi. Sau ɗaya a shekara sukan taru, kowa ya yi shigar wanda ya fi so a cikinsu, a zagaya, a ɗauki hoto. Ƙa'idarsu ita ce ba a sayen kayan, haɗawa ake yi da hannu. Wani da kwali yake yin sulke, wata da soson katifa take yin fuka-fukai. Suna da wani suna na Turanci da suke kiran abin, bakina bai taɓa kama shi ba, ni shigar katun nake cewa. Na tambaye ta hijabi fa, ta ce hular alkyabbar a kansa take hawa, shi ya sa ma abin ya zo mata da sauƙi.

Na ce, "Wato tashen 'yan boko ke nan."

Saura kaɗan ta yi dariya. Na ga bakin ya motsa.

Ban nuna mata ba, amma daɗin da na ji ran nan ba ya faɗuwa. Shekara bakwai, yau Uwata ta roƙe ni abu, kuma abin da na fi kowa iyawa. Na san kuma in na ɓata wannan, ba lalle ta sake buɗe baki ba. Na ɗauko tef na auna ta, kafaɗa, tsawo, zagayen kai da hijabi. Ta tura mini hoton a wayata. Washegari ta wuce Safana wurin yayata, gwaggonta, za ta yi mako guda, ta ce a can za ta haɗa sandar da fitilar.

Aikin ya ba ni sha'awa fiye da yadda na zata. A hoton, alkyabbar tana buɗewa in iska ta kaɗa, ba kamar tamu da ke sauka a miƙe ba. Kwana biyu ina tunani kafin na gane ba yankan tsaye ba ne, rabin da'ira ne. Na samo takardun buhun siminti na haɗa su, na ɗaure alli a bakin igiya, na take ɗaya bakin da babban yatsa, na zana da'irar a ƙasan shago. Maƙwabcina tela ya leƙo ya ce ko rijiya zan haƙa. Hular ta fi ba ni wuya, sau uku ina farkewa kafin tsinin bayanta ya kwanta yadda aka zana. Maɓallin wuya kuwa babba ne mai zanen harshen wuta, babu irinsa a kasuwa. Na samu murfin gwangwanin madara, na dandaƙe bakinsa don kada ya yanke ta, na lulluɓe da ƙyalle, na yi masa surfani da jan zare. Yadin auduga ne zalla mai kauri, ban yarda da mai haɗin roba ba.

Sai na zo bakin ƙasa. Na tsaya da almakashi a hannu, ina kallon hoto ina kallon yadi. Wai in yayyaga. Ni. Na ce a raina, wanda ya zana yarinyar nan talauci ya ba ta, don a garinsu babu tela. Amma Uwata tana da uba. Ta shiga taro a birnin Katsina da tsumma, a ce wa ya ɗinka, a ce babanta ne, tela ne a Batsari? Ashe dai an gama da ni. Na ajiye almakashi, na yi wa bakin kalmasa biyu, lafiyayya, allura ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Wurin ƙunar na bar shi lafiya lau. Jan mahon na mai da shi ado, murabba'i daidai wa daida, har na yi masa ɗan'uwa a ɗaya kafaɗar don kada gefe ya fi gefe. Na sa aka ba ta sitati aka goge. Da na rataye ta, maƙwabcina ya ce wannan ko hakimi ya yafa ba za a ce komai ba. Na ji daɗin maganar.

Ranar da ta dawo, na kai mata har ɗakin uwarta. Ta warware, ta dubi bakin ƙasan, ta dubi kafaɗun biyu.

"Na gode, Baba. Ta yi kyau. Allah Ya ƙara buɗi."

Ta ninke ta a hankali ta ɗora kan akwatin uwarta. Ba ta gwada ba. Jakar makarantarta tana nan a buɗe kusa da ita, ba ta sa a ciki ba. Ga sandar da ta haɗo a Safana jingine a bango, gora ce ta kankare, ta rataya mata 'yar kwalba da ta lulluɓe cikinta da jar leda, har ta shafa wa sandar baƙin tukunya don ta tsufa. Na fita raina a ɓace.

A tsakar gida na sauke wa mai ɗakina. Na ce kwana shida na ajiye aikin mutane, yarinya ko ta yafa in gani. Ita ba ta da yawan magana, tana tankaɗe ta ce, "Ta nuna maka hoto, ka ɗinka abin da ke kanka." Na ce gyara na yi. Ta ce, "To ai ga shi ka gyara." Ta ƙara da cewa yarinyar ta ce mata ta fasa shiga taron, kallo kawai za ta yi. Saura kwana biyar ta koma.

Fushina ba ya daɗewa, son sani ne ke biyo bayansa. Me ke cikin tsumman nan da ya fi kalmasata? Bayan la'asar na kira ta zaure, na ce ta kunna mini abin in gani da idona. Ta yi mamaki, amma ta kunna. Wani yare suke yi mai sauri, rubutun Turanci yana fitowa a ƙasa, tana fassara mini. Labarin wata yarinya ce da garinsu ya tashi, ta ɗebo garwashin murhun uwarta a fitila, tana yawo ƙasa-ƙasa tana neman inda za ta sauke shi ta hura wuta. Abin da ya tsayar da ni, a kashi na farko alkyabbar sabuwa ce fil, da kalmasarta, kamar tawa. Uwata ta riƙa tsallakawa tana nuna mini. Ga inda wuta ta lashi gefen. Ga inda wata dabba mai ƙaho uku ta kama bakin. Jan mahon kuwa daga rigar wani da ya taimake ta ne, ita ta ɗinka da kanta, ba ta iya ba, shi ya sa ya karkace.

"Ba ta bari a gyara mata," in ji Uwata, idonta a kan waya. "Da su take tuna inda ta bi."

Da mai hankali ne a wurin, da ya ji abin da aka faɗa masa. Ni kuwa tela ne ya amsa. Na ce, "Mai zanen nan bai san yadi ba. Dubi yagar, kamar haƙoran zarto. Yadi ba ya yagewa haka." Ta dube ni, ta kashe wayar, ta ce a bar shi kawai, ba komai. Na ce ba za a bar shi ba, ta kawo alkyabbar.

Da safe na farke kalmasar da hannuna. Ban taɓa jin ciwon farke ɗinki irin na ranar ba. Na cire mahon da na ƙara, ɗayan na sake ɗinka shi a karkace da zaren buhu, ina yi ina jin kunya kada wani ya shigo. Sannan na gwada yaga a kan ragowar yadin. Na yanka da almakashi, ya fito tsaf, kowa ya gani ya san almakashi ne. Na tsaga da hannu, ya tafi a miƙe ɗoɗar bisa zare, sabon yadi dai da aka tsaga. Nan na gane wani abu da ya ba ni haushi. Shekara talatin ina hana tufa tsufa, amma ban taɓa tsayawa na dubi yadda take tsufa ba.

Ranar kasuwa ce, sai na rufe shago na shiga layin hatsi ina kallon rigunan mutane. Na tarar da wani dattijo manomi ya kawo gero, taguwarsa ta ga duniya. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da damina da dabbobi, na ce, "Baba, don Allah in duba rigarka." Ya ɗauka ba'a ce, ya ɗaure fuska ya ce ta salla tana gida. Na rantse masa koyo nake. Sai ya saki, har ya juya mini baya. Kafaɗar dama ta yi laushi ta kusa hujewa, ta hagu lafiyarta ƙalau. Ya ce nan ƙotar galma ke zama. Wuyan ya yi duhu, bayan ya koɗe ya fi gaban fari, don a sunkuye yake yini rana tana dukansa. Aljihu ya zazzago, goro ne. Bakin ƙasan ba yagewa ya yi ba, zaren ne ya zaizaye ɗaya bayan ɗaya har ya yi geza. Na tsaya ina ta mamaki. Ashe duk abin da mutum yake yi yana nan a jikin rigarsa, ni da ke riƙe da riguna kullum ban taɓa lura ba.

Wanda ya san tabo a danginmu yayata ce. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a Safana, rayuwarta duka yaƙi da tabo ne, kuma bakinta ya fi wuƙa. Washegari na hau babur ɗina na bi ayarin masu babura da hantsi, alkyabba a ɗaure a baya. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta ajiye muciya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Tela, yau kai ne ke neman a ɓata maka tufa? Kai da ka hana ni zama kan tabarmarka don zanena na da mai?"

"Yaya, ki taimaka, kwana uku ya rage."

Ta taimaka, kuma ta san abin da take yi. Ta fara da wanke sitatin tas, ta ce tufa mai girman kai ba ta shan rini. Ta tafasa bagaruwa ta zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, ruwan ya yi baƙi-baƙi. Ba ta tsoma alkyabbar duka ba, bakin ƙasa kawai da wuya, sauran ta yayyafa da tsintsiya. Ta kwaɓa jar ƙasa ta murza a inda gwiwa za ta taɓa. Kafaɗar da sanda ke hawa ta goge ta da dutsen goge kaushi har zare ya yi laushi. Ƙunar kuwa da garwashin murhunta muka yi, ina riƙe tana kangawa, da jiƙaƙƙen tsumma a kusa. Nan na gode wa Allah da na zaɓi auduga, don ita takan ci a hankali ta bar baki ruwan ƙasa, mai roba da narkewa zai yi ya dunƙule.

Sauran bakin ƙasa. Ta ce wannan hannu ba ya yi, sai hanya. Na ɗaure alkyabbar a bayan babur, bakin yana jan ƙasa, na bi hanyar bayan gari wadda ta nufi Tsaskiya. Ban yi nisa ba, yanzu ba a nisa a wannan hanya, sai dai in je wurin wata tsamiya in juyo. Sau huɗu na yi. Wani mai keken shanu ya tsai da ni ya ce malam kayanka na ja. Na ce na sani. Ya bi ni da kallo har na ɓace, na tabbata ya yi mini addu'ar samun lafiya. Da na kwance na duba, bakin ya yi geza irin ta taguwar dattijon nan. Wallahi na ji alfahari, irin wanda nake ji in kalmasa ta fita daidai.

Muna zaune a inuwa tana bushewa a igiya, yayata tana murza ƙuli, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ka san mi ya sa uwarmu ta zaɓi wannan yarinyar a cikin duk katun ɗin duniya?" Ita ma uwarmu take ce wa ɗiyar tawa.

Na ce saboda hular tana hawa kan hijabi.

"Kai dai Allah Ya ba ka hannu Ya rage maka kunne. Mako guda ta yi a nan, tana kankare gorar nan tana ba ni labarin ranar da kuka taso. Duk ta faɗa mini, tun daga inda ta ɗauki yaron. Kai ka taɓa tambayarta?"

Na mai da idona kan alkyabbar da ke igiya, ita kuwa ta ci gaba.

"Ƙaya tana cikin ƙafarta ba a gama cirewa ba, kai kana can kana ɗinke mayafi. Ka ɗinke, ka rufe wa kowa baki. Wai abin da ya wuce ya wuce. A wurinka ya wuce, kai da ba ka nan."

Na so in yi faɗa, na fasa. Gaskiya ta faɗa, kuma ta taɓa daidai wurin. Ban hana zancen don yaran ba, don kaina na hana. Kunya nake ji. Ranar da iyalina suka fi bukatata ina kasuwa ina ɗinka wa wani aljihu, yarinya 'yar shekara goma sha biyu ce ta yi aikin da ya kamata in yi. Abin da kawai na iya shi ne in ɓatar da tsagar don kada in riƙa ganinta.

Da zan koma Batsari, kafin in fita gari sosai, na ga sarƙaƙiya a bakin wata gona. Na tsaya. Tsagar mayafin nan ina tune da ita sarai, hannu ba ya mantuwa. Mai kusurwa ce kamar harafin dal a allo, tsawon taƙi guda, a baya wajen hagu, can sama. Irin wannan ƙaya ce kawai ke yin ta. Na yafa alkyabbar na gitta ta gefen ƙayar. Ta kama bakin ƙasa da gefe, ba ta kai baya ba. Na sake gittawa da sauri, haka dai. Na juya baya na jingina, ta ɗan karce, ba ta tsaga ba. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya ƙaya za ta kama mutum a can sama, har ta tsaga da ƙarfi haka?

Sai na durƙusa. Na sa hannuwa a ƙasa, na kutsa ta ƙarƙashin sarƙaƙiyar da rarrafe. Ban yi taku uku ba na ji ta cafke ni a baya, wajen hagu. Na tsaya, ta riƙe. Komawa baya ba ta saki ba. Sai da na tura gaba da ƙarfi na ji yadi ya kece. Na fito ta ɗaya gefen tafin hannuna duk ƙaya, na cire alkyabbar na duba. Dal ce, taƙi guda, a daidai wurin.

Wato da rarrafe ta bi, da yaro a baya, kuma da ƙayar ta riƙe ta ba ta tsaya ta kwance ba. Mutum ba ya yin haka sai in abin da ke bayansa ya fi ƙaya. Na riƙe wannan tsagar a hannuna tun washegarin ranar, na ƙirga zarenta ɗaya-ɗaya na haɗa, ban tambayi kaina yadda aka yi ta ba. Na zauna a bakin gonar na yi kuka, ni kaɗai, babur yana tsaye a hanya.

Ana gobe za ta koma, na aika ta zo shago da hantsi da sandarta. Na miƙa mata ban ce komai ba. Ta warware. Ta bi gezar da yatsa, ta shinshina wurin ƙunar, ta dubi mahon da ya karkace. Wannan karon ba ta yi mini addu'ar buɗi ba, yafawa ta yi. Ta ja hular kan hijabi, ta ɓalla maɓallin gwangwani, ta ɗauki sanda, ta juya sau ɗaya alkyabbar ta buɗe kamar yadda aka zana. In ban da idanun, ita ce sak.

"Baba, da me ka yi bakin nan?"

"Da babur."

Ta yi dariya, ta gaske, wadda na manta irin sautinta. Tana gyara zaman kafaɗa sai hannunta ya faɗa tsagar baya. Ta laluba. Ta cire alkyabbar ta juyo da ita, ta daɗe tana kallo.

"Wannan babu shi a hoton."

"Na sani. Wannan naki ne. In ba ki so, yanzu in ɗinke, ba wanda zai gane."

Ta girgiza kai. "A bar shi."

Na ga tafin hannuna take kallo, inda ƙaya ta bar ɗigo-ɗigo. Na ture yadin da ke kan keke gefe, na jawo kujerata kusa da benci. Na dube ta.

"Uwata, ran nan, ta ina kuka bi?"

Ta zauna, alkyabbar a kan cinyarta, yatsanta a cikin tsagar. Can ta ce, "Ta bayan gonarmu ta gyaɗa. Ka tuna sarƙaƙiyar da ka ce za ka sare bayan girbi?"

Na tuna. Ta ci gaba, ni kuma na yi abin da ban iya ba, na rufe bakina. Tana tsakiyar magana wani ya yi sallama da riga a hannu, ya ce aljihu ne ya ɗan farke, ba zai ɗauke ni minti biyu ba. Na ce masa ya dawo gobe, na tashi na tura ƙyauren shago.